Furen Buransh da Ƙwayoyin Khim Singh

Tun ranar da Tanuja ta bugo waya daga jami'a ta ce ta gano sinadarai masu taimakon zuciya a furen buransh, wani jan fure da ke fitowa a duwatsun yankinsu, uwarta Bachuli ta daina taka ƙasa kamar sauran mutane. Ita ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma ga shi 'yar da ta goya ta tono magani a cikin furen da ke zuba banza a bayan ƙauyensu.

Mijinta Khim Singh hawan jini ke damunsa, kowace safiya sai ya haɗiyi ƙwaya ɗaya. Bachuli ta yi shawara da zuciyarta, ta tusa ƙwayoyin a ƙasan tukunyar tamba. Kullum ta hau dutse ta ciko kwando da jajayen furanni, ta zauna tana zare zaren tsakiyarsu ɗaya bayan ɗaya yadda uwarta ta koya mata, ta tafasa, ta tace, ta miƙa masa kofi biyu. Shi kuwa bai yi musu ba, don shekara arba'in bai taɓa cin gardama a gidan nan ba.

Bayan sati shida Tanuja ta zo hutu. Ta tarar da ubanta a tsakar gida ya dafe ƙeya, idanunsa sun kaɗa. Ta ɗauko abin awon jini ta ɗaura masa a hannu. Da ta ga lambar, sai ta sake awon.

"Ija, ina ƙwayoyinsa?" ta tambayi uwar, don haka ake kiran uwa a yarensu.

"Ƙwayoyin me kuma? Ba ke kika ce furen magani ne ba?"

"Cewa na yi akwai alama. A kwalba na gani, sai ɓeraye goma sha biyu. Ban gwada a kan mutum ko ɗaya ba."

"Ɓeraye? Shekara huɗu kina can kina shayar da ɓeraye?"

"Ashe ni ne na goma sha uku," in ji Khim Singh, yana murmushin ƙarfin hali.

Ba wanda ya yi dariya. Bachuli ta dubi yatsunta da furen ya rina, tsoro ya kama ta, kunya ta biyo baya. Da hannun nan nata, saboda tsabar so, ta kusa kashe mutumin. Ta zura hannu cikin tamba har gwiwa ta zaro ƙwayoyin, ta ba shi ɗaya.

Tanuja ta dafa kafaɗarta. "Ya ci gaba da shan furen, ba laifi. Wata rana ƙila mu tabbatar da amfaninsa. Gobe dai mu sauka da shi asibiti." Sai ta juyo ta dube ta. "Ija, wa kuma kika gaya wa?"

Bachuli ta fara lissafi a zuci. Akwai maƙwabciyarta Paruli, wadda ta zubar da maganin mijinta a rafi a kan maganar Bachuli. Akwai wasu gidaje uku a gangare.

Ta ja mayafi ta fita. A ƙofar Paruli ta daɗe a tsaye kafin ta ɗaga murya.

"Paruli, fito. Maganar da na gaya miki, 'yata ba ta faɗa ba. Ni ce na ƙara."