Kumatun Namadi

Da rawani muka ɗaure Namadi a bayan mai babur ɗin da zai kai shi asibiti, don ba ya iya riƙe kansa. Ƙafarsa ta dama na naɗe da tsumma, ƙudaje na bin ta.

"Ku bi shi sannu," in ji Mas'ud mai kemis daga bakin shagonsa. "Sanyi ne ya shige shi."

Namadi maƙwabcina ne a Adabka, katanga ɗaya ta raba mu. Ciwonsa bai taka kara ya karya ba. Da gero ya fara bununi sai atishawa ta kama shi, ido ya yi ja, hanci na zuba, har a gama sussuka. Sai Mas'ud ya kawo wata allura fara kamar nono, wadda likitoci ke kira sitiroyid. Ɗaya a ɗuwawu, atishawa ta ɗauke. Abin da likita ke ɗari-ɗarin yi sau ɗaya a shekara, Namadi ya mai da shi na ranar kasuwa, har bayan kaka, wai rigakafi.

Fuska ta cika, wuya ya ninke, ciki ya fito. Gari ya taya shi murna.

"Kai Namadi, wanga kumatu! Zinariya ka haƙo Bagega ba mu sani ba?"

Matarsa Lubabatu har yabo take sha a gidajen suna, wai ta iya kiwon miji.

Na ce masa, "Malam Namadi, wannan kumburi ne. Allurar nan na tada sukari, tana karya garkuwar jiki. Je asibiti a auna ka."

Ya ƙare wa ƙasusuwan wuyana kallo. "Malam, kai da ka yi jami'a, dubi yadda kake. Mi karatu ya ƙara ma? Taho in kai ka wurin Mas'ud."

Aka kwashe da dariya. Zolayar ta yi armashi, ni shaida ne.

Kututturen kara ya soke shi a gona, irin raunin da yara ke warkewa suna wasa. Nasa ya ƙi rufewa, ya yi baƙi, ya fara hawa. Da zazzaɓi ya zo, Mas'ud ya ƙara masa allurar, tunda ita ce ta karɓe shi.

A asibiti wata nas ta auna jininsa, ta dubi ƙafar, ta dube mu.

"Wa ke yi masa allura?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Mas'ud ɗan gari ne, kuma babu wani mai magani kusa. Washegari da hantsi Namadi ya cika.

Ni na riƙe wa tsoho Gwadabe buta wajen wankan gawa. Ta bayan zana ina jin masu ta'aziyya: "Mutum da ƙibarshi da lafiyarshi! Kwana ne ya ƙare." Mas'ud ya fi kowa ɗaga murya wajen amin.

Gwadabe ya janye mayafin daga ƙafafu. Babbar riga ta daɗe tana rufa musu asiri. Sun tsotse kamar karan dawa, fatar ta zama kamar takarda, duk baƙin tabo. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tsoma hannu cikin ruwa, ya shiga shafawa da tafinsa a hankali, kada fatar ta yage.