Waƙar da Za Ta Sa Mista Gilroy Cin Abinci

Shekara biyu ina jinyar Mista Gilroy a unguwar Parkchester ta Amurka, kuma duk wanda ya shigo gidan sai ya karanta mini tarihinsa, kamar ba ni nake canza masa zanin gado ba. Wai shi ne makaɗin ganga na wasu samari huɗu masu gashi har kafaɗa. A 1974 suka yi wata waƙar rok guda ɗaya, Amurka ta haukace. Yau ita ake sawa a biki, a filin ƙwallo, har a tallar maganin basir. Oho dai! Ni Hamdatu, hayaniyar maƙera kawai nake ji.

A bazarar 2016 tsohon ya daina cin abinci. 'Yarsa Moira ta zo da hukuncinta: in bai ci ba zuwa Juma'a, sai gidan tsofaffi. Wurin nan kuwa shi yake tsoro fiye da kabari, ya sha gaya mini tun hankalinsa na nan.

Moira ta karanta a intanet cewa waƙa magani ce. To, likita ta samu! Safe waƙar, rana waƙar, ni kuma ina tsaye a kansa da cokali kamar 'yar sanda. Shi ko ya juya fuska bango.

Ranar Laraba na kashe rediyon. Ya buɗe ido ya ce, "Sau dubu huɗu na kaɗa ta. Ba wanda ya taɓa roƙon wata."

Na ce, "Baba, sannu. Wallahi ni ma ta ishe ni."

A Zangon Kumasi, inda na taso, ba ma barin mara lafiya da kwanonsa shi kaɗai. Na wanke hannu, na wanke nasa, na zauna a ƙasa na buɗe tuwona da miyar ayoyo. Na ci loma. Ya kalle ni, ya sa hannu. Kafin ka ce me, mun ga gindin kwano.

Ashe Moira na kallo ta kyamarar da ta maƙala a falo. Washegari kamfanin jinyar da nake wa aiki ya kira ni. Ma'aikaciya ta ci abinci kwano ɗaya da majinyaci, da hannu! Babban laifi, kamar na zuba masa guba. Aka cire ni daga gidan nan take.

Na je kwasar kayana, na tarar da sabuwar mai jinya da safar hannu da cokali, waƙar na tashi har bene na uku. Moira ta ce, "Jiya ya ci. Kin ga waƙar ta fara aiki."

Na ce, "Ƙwarai. Ki ƙara mata sauti."

Bakina kenan, amma zuciyata ta karye. Tsohon ya riƙe gefen mayafina, sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan bai sake cin ko loma ba. Ranar Juma'a motar gidan tsofaffi ta zo ta ɗauke shi.