Kayan da Ba Ya Shiga Sito

Tun daga matakalar ɗakin ƙasa Injiniya ta jiyo Tsohuwa tana kaki kamar mai tarin da ya kwana a ƙirji. Tsohuwa suke kiran babbar na'urar ofishin rajistar filaye, wadda ke riƙe da takardun gidaje da gonakin mutum sama da dubu ɗari biyu. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka ɗauki hoton takardun aka zuba mata a ciki, na ainihin kuwa aka jibge su a wani ɗaki, gara da yoyon rufi suka raba su a tsakaninsu. Faifan ajiya biyar gare ta, an ƙera ta yadda za ta jure mutuwar biyu. Biyun sun riga sun mutu. A safiyar wannan Litinin fitilar na uku ta fara ƙyaftawa ja.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne magani yana hannu. Wata takwas ta yi tana hawa bene da sauka har gwamnati ta yarda ta yi hayar wurin ajiya a manyan na'urorin wani kamfani, abin da masu sana'ar ke kira girgije. An yi talla, an buɗe ambulan, an zaɓi kamfani, an sa hannu. Saura takarda guda, shaidar cewa kaya sun shiga sito. Yarjejeniyar ta ce idan babu ita, ko harafi ɗaya na bayanan gwamnati ba zai fita daga ginin ba.

Ta sami Baba Sito, mai kula da siton ofishin, a bakin ƙofarsa yana rubuta lamba da farin fenti a bayan sababbin kujeru. Shekararsa talatin da biyu a kan wannan aikin, kuma duk abin da ke ginin, daga fanka har kwandon shara, yana ɗauke da rubutun hannunsa.

"Baba, ina kwana. Na dawo."

"Na ji takunki, 'yata. Kin taho da kayan?"

"Baba, na faɗa maka ba kayan da ake ɗauka ba ne. Haya ce, kamar yadda ake kama ɗaki."

"Ɗaki ina iya zuwa in ƙwanƙwasa ƙofarsa." Ya ajiye burushi, ya jawo takardar daga aljihun tebur ya shimfiɗa mata. "Karanta da bakinki. Adadi. Launi. Halin da kaya suka iso. Kantar da aka ajiye su. Me zan rubuta a wurin launi?"

"Ka rubuta babu."

"In rubuta babu, sannan in sa hannu na karɓa? An taɓa kawo mini takardar janareta shida a nan, ba janareta ko ɗaya. Wanda ya kawo ta ya fi ki iya magana. Na ƙi, aka hana ni ƙarin girma shekara bakwai, amma ina barci. Abin da idona bai gani ba, hannuna ba ya shaida."

Da ɓarawo ne da ta san yadda za ta yi da shi.

Ranar Laraba kwamitin saye ya zauna. Aka fara da addu'a, aka karanta bayanin zaman baya, aka yi minti ashirin kan ko an rubuta sunan wani da harafi ɗaya ko biyu. Da aka zo kanta, ta miƙe ta ce faifai na uku yana kan hanyarsa, idan ya tafi ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da zai rage.

"Tsohuwa ta saba," in ji Darakta yana juya cokali a kofi. "Tun kina makaranta ake cewa za ta mutu. Ta binne injiniyoyi uku."

Aka yi dariya, dariyar da ake yi idan babba ya yi barkwanci.

"Ranka ya daɗe, to a ba ni izinin sayen faifai in ajiye kwafi kafin a warware maganar siton."

Mai binciken ƙa'ida ya gyara tabarau. "An riga an sayi wurin ajiya a bana. Ba a sayen abu ɗaya sau biyu a shekara guda."

"An saya, amma kun ce bai iso ba."

"A wajena an saya. A wajen sito bai iso ba. Kowa da takardarsa."

"Takardar aka yi don mutane, ko mutane aka yi don takardar?"

Darakta ya ajiye cokali, ya ce ƙuruciya dai ba laifi ba ce, ya kafa ƙaramin kwamiti da zai duba yiwuwar gyara takardar sito, ya ba shi mako shida.

A baranda Mataimakin Darakta ya tare ta, ya sassauta murya. "Ke ma kin cika kafiya. Ki ce wa kamfanin su aiko da kwali, ko tsohuwar kwamfuta ce a ciki. Tsohon ya shafa mata fentinsa, ya sa hannu, kowa ya huta. Haka ake yi."

Haka ake yi. Kalmomin da ta shigo aikin nan don ta yaƙa ke nan. Ta tuna janareta shida, ta tuna shekara bakwai, ta ga ita ce za ta zama mutum na farko da ya yaudari hannun Baba Sito. Ta ce a'a. Mataimaki ya ɗaga kafaɗa ya wuce.

Da yamma ta tarar da Inna, mahaifiyarta, a tsakar gida tana ninke wanki. Tun rasuwar mahaifin Injiniya, ɗan'uwansa Baffa yake zagaye gidan da maganar cewa filin na kakansu ne, ba a taɓa raba shi ba. Takardar da mahaifin ya bari gobara ta cinye ta tare da akwatinsa. Shaidar da ta rage tana cikin Tsohuwa.

"Baffanki ya sake zuwa," in ji Inna. "Har da mai awo ya taho, wai yana duba katanga ne."

"Ba abin da zai iya, Inna. Sunan Baba yana rajista."

"To ki fiddo mini ita mana in sa a ƙarƙashin katifa. Ke da ofishin yake hannunki."

"Sai an cika takarda an bi layi. Wata uku ake jira."

"Wa ya kafa wannan doka?"

"Ni."

Inna ta dube ta, ta ci gaba da ninki. "Allah ya ba ki lada. Mai gishiri dai ba ta cin lami, sai 'yata."

Ita ta rubuta dokar da hannunta, shekara biyu da suka wuce, bayan ta kama ma'aikata suna fiddo wa 'yan uwa da masu hannu da shuni takardu ta bayan fage. Mutum biyu sun rasa kujerunsu a kan haka, kuma ba ta yi nadama ba.

Ranar Alhamis da azahar, ana can ana salla da cin abinci, ta sauka ɗakin ƙasa. Fitilar ta daina ƙyaftawa, ta tsaya ja cak. Ta zauna gaban allon, ta daɗe tana kallon hannunta. Sannan ta buga lambar gidansu. Takardar ta fito da ƙyar, layi bayan layi, da sa hannun mahaifinta mai karkata hagu. Ta buga ta a kan takarda, ta buga mata hatimi, ta ninke ta huɗu ta tura can ƙasan jaka.

Washegari da hantsi Tsohuwa ta yi shiru.

Kwana tara masu gyara suka yi a kanta. Suka ceto kusan kashi biyu cikin uku. Unguwanni goma sha huɗu suka tafi gaba ɗaya, har da tasu Injiniya. A zama guda kwamiti ya ayyana gaggawa, ya amince a sayi sabuwar na'ura, tunda dokar gaggawa ta yarda da haka. Maganar girgije aka ce a jira rahoton ƙaramin kwamiti. Babbar mota ta kawo na'urar cikin mako, ƙarti shida suka sauke ta. Baba Sito ya zagaya ta, ya ƙirga, ya rubuta baƙa a wurin launi, ya zana mata lamba da farin fenti. Fentin ya zubo kaɗan.

"'Yata," ya ce bai ɗago ba, "ta gidana ma an ce tana cikin waɗanda suka tafi."

"Na gani, Baba."

"Na ji shawarar da Mataimaki ya ba ki. Da kin kawo mini kwali da na sa hannu. Ba zan sani ba."

"Shi ya sa ban kawo ba."

Ya gyaɗa kai, ya rufe gwangwanin fenti ya danne murfin da tafin hannu.

Darakta ya ce tunda ita ta fi kowa fahimtar abin, ita za ta zauna a tagar jama'a ta yi bayani. Layi ya fita har titi. Ta farko wata dattijuwa ce mai tsohon mayafi, riƙe da guntuwar takarda da aka rubuta mata lambar gida. Ta ce ƙannen mijinta sun kai ta kotu, alƙali ya ce ta kawo shaida daga rajista kafin ƙarshen wata.

Injiniya ta buga lambar, ko da yake tun daga harafin farko ta san unguwar. Layi biyu ne tsakaninsu da gidan Inna. Allon bai nuna komai ba.

Ta ce wa dattijuwar, "Ba a samu ba, Inna. Tana cikin waɗanda suka ɓace."

"Duka? Ba wanda tasa ta tsira a unguwar?"

Jakar tana kan cinyarta, a ƙarƙashin tebur. Ta ɗora hannu a kanta.

"Ki cika wannan takardar," ta ce, ta tura mata ta ƙarƙashin gilashi. "Za a neme ki."

Dattijuwar ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta tambayi ko akwai mai biro.