Askin Dankali

"Wando ya sa, ko idona ne?"

Malam Mainasara ya tsaya a ƙofar barga, hannuwa goye a baya, yana kallon dokin da 'yarsa Fanna ta daɗe tana cika masa kunne da labarinsa ta waya. Danda ne, baƙi da fari, gajere, mai faɗin ƙirji, bayansa kuwa sai ka shimfiɗa tabarma ka yi gyangyaɗi. Daga gwiwa zuwa ƙasa farin gashi ne buzu-buzu, ya zubo har ya rufe kofato. Geza ta sauko ta lulluɓe ido ɗaya.

"Baba, gashinsa ne," in ji Fanna. "Haka Allah ya yi irinsu. Kob ake ce musu. Sunansa Dankali."

"To, wanda ya raɗa sunan dai bai yi ƙarya ba."

Fanna ta yi dariya har da riƙe ciki. Ba maganar ce ta kai haka ba. Tun da mahaifin nata ya sauka a New York, yau ne ta fara jin ya yi wa wani abu ba'a.

Dillalin dawaki ne a Damagaram tun kafin a haife ta. Bara mahaifiyarta ta rasu, gida ya yi masa faɗi, maƙwabta suka riƙa bugo waya suna cewa tuwon da aka kai masa da dare shi ake ɗaukowa da safe. Fanna, wadda ke aikin tafinta a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Manhattan, ta yi ta fama har ta kawo shi gidanta a Morris Heights, da nufin ya zauna. Shi kuwa ya ce ziyara ya zo, kuma baƙo raɓa ne. Ta kai shi Fordham Road ya sayi goro, ta haɗa shi da dattawan masallaci, duk a banza. Kullum yana bakin taga yana kallon jirgin ƙasa mai lamba huɗu yana wucewa ta saman titi.

"Me zan yi a nan?" yakan ce. "Daga kujera sai taga. Ni ba tsohon kaya ba ne da za a ajiye."

Ranar komawarsa ta matso, kuma Fanna tana tsoron ranar nan ƙwarai. Dankali ne dabararta ta ƙarshe.

Kadri, mutumin Zangon Kumasi da ke kula da dawakin bargar, ya ajiye buhun dusa ya zo ya gaishe da tsohon, ya kuma ɗauki nauyin wayar masa da kai ba tare da an roƙe shi ba.

"Baba, nan ba launi suke dubawa ba. Ƙashi ne. Suna zagaya ƙwauri da igiyar awo, nan ƙasan gwiwa. In ƙashi ya yi kauri sosai paa, shi ne mai nauyi, zai ɗauki ƙaton mutum. In bai kai ba, mara nauyi. Tsayi kuma da tafin hannu suke ƙirgawa. Kowane da layinsa."

"Ikon Allah," in ji Malam Mainasara. "Mu dai launi muke bi: mun san akawal, mun san kili, mun san bidi da hurde. In doki ya cika ya batse mu ce ingarma, in ya gajarce mu ce ƙuru. Su kuwa sai sun auna, kamar masu sayen yadi. To wannan a wane layi yake?"

"Ranar Asabar za ka gani, Baba," Fanna ta ce. "Akwai gasa a nan filin. Na sa sunansa."

Abin da ba ta faɗa ba, don ta ɗauka kowa ya sani, shi ne cewa a layin masu dogon gashi ta sa shi. Ta daɗe tana wanke gashin nan, tana shafa masa mai, tana tsefe shi da haƙurin da ba ta taɓa yi wa nata kan ba. A wannan layin, gashin shi ne ado, shi alƙalai ke fara dubawa.

Malam Mainasara kuwa da abin ya kwana a ransa. A garinsu dokin da aka bari gashi ya tarar masa a ƙafa dokin malalaci ne. Nan ƙarangiya ke maƙalewa, nan kaska ke ɓuya. Yarinya ce, aikin ofis ya sha mata kai, ba ta san masu doki suna da baki ba. Ya za a yi yana gari a ce 'yar Mainasara ta fito taro da doki kamar bunsuru?

Ranar Asabar da hantsi filin ya cika da motoci masu jan akwatunan dawaki. Fanna ta tafi karɓo lambar da za ta ɗaura a baya, aka kuma kira Kadri ya taimaka wajen sauke wata goɗiya mai gardama. Aka bar tsoho da Dankali, da injin aski rataye a jikin ƙusa.

Gaskiya dai a faɗe ta, aikin ya yi kyau. Hannun da ya saba ba ya mantuwa. Ya bi ƙafafun nan huɗu tas, ya kwashe gezar ƙwal, ya daidaita wutsiya, yana yi yana yi wa dokin magana ƙasa-ƙasa. Dankali, wanda ba ya ƙin duk mai sosa masa wuya, ya lumshe ido ya miƙa ƙafa.

Da Fanna ta dawo, ta tarar da mahaifinta tsaye cikin tulin farin gashi, hula a karkace, fuskarsa sai walƙiya take.

"Voilà! Ga shi nan, yanzu ya zama doki. Da akwai lalle a kusa da na ƙarasa aikin."

Lambar ta suɓuce daga hannunta. Ta nemi bokiti ta kife, ta zauna a kai, hawaye suka zubo. Ta ji haushi, haushi na gaske, irin wanda ba a iya sauke wa uba.

Kadri ya leƙo, ya ɗora hannu biyu a ka. "Ei, Baba! Ka kashe mu! Gashin nan shi ne gasar! Shi alƙali zai duba!"

Malam Mainasara ya dubi Kadri, ya dubi 'yarsa, ya dubi ƙasa. A hankali murmushin ya bar fuskarsa. Ya sunkuya ya ɗebo gashin cikin tafi, kamar mai neman inda zai mayar da shi.

"Ashe gyaran gangar Auzinawa na yi," ya ce. "Fanna, ki yafe mini. Wallahi kunya na so in kare miki."

Ba ta taɓa jin ya nemi gafarar ɗansa ba. Ta share ido da bayan hannu, ta ɗago ta dubi Dankali. Yana tsaye da ƙafafu tsirara, sai ɗaga su yake ɗaya bayan ɗaya, yana mamakin iskar da ke taɓa shi. Dariya ta ƙwace mata cikin kukan.

Alƙaliyar gasar wata tsohuwar Baturiya ce mai hular kaba da takalmin roba. Ta zo ta zagaya dokin, ta ce layin masu gashi kam ya wuce shi, sai dai haƙuri. Amma ta durƙusa ta zagaya ƙwaurin da igiyar awo, ta ce ƙashin ya kai, in Fanna tana so ta shiga layin askakku masu nauyi. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Fanna ta ɗaura sirdi.

Ba su ci ba. Ba su ma kusa ba. Sauran dawakin an horar da su don wannan layin, Dankali kuwa sanyin ƙafa ya sa shi rawar kai, ya yi ta tsalle-tsalle kamar ɗan maraƙi. Amma a bakin shinge akwai wani tsoho da babbar riga da ya manta a ƙasar wa yake.

"Sassauta linzami! Ke Fanna, dunduniya ƙasa! Bar shi ya miƙe! Yawwa, 'yar gidana!"

Turawa suna waiwaye suna murmushi, shi ko a jikinsa. Daga kan sirdi Fanna ta ji muryar nan da ta saba ji tana yarinya, wadda ke ratsa kasuwar dabbobi daga wannan gefe zuwa wancan, ta ji daɗi har cikin ranta.

Da aka tashi, Malam Mainasara ya ja hannun rigarta zuwa wurin alƙaliyar.

"Tambayar mini ita. Gashin ƙafar nan, yaushe zai koma yadda yake?"

Fanna ta tambaya da Turanci. Tsohuwar ta yi ɗan tunani, ta ɗaga yatsu shida, ta ce wata shida ya isa, in an yi sa'a.

A wurin aiki an san Fanna da abu ɗaya: ba ta ƙara wa mai magana, ba ta rage masa. Ta juyo ta dubi mahaifinta.

"Ta ce shekara biyu, Baba. Shi ma sai in an samu mai zuwa kullum yana wankewa yana shafa mai."

Kadri, da ke jin harsunan biyu, sai tari ya sarƙe shi, ya ɗaga kai yana duba rufin barga.

Malam Mainasara ya tsufa yana ciniki a kasuwa da mutanen da ba ya jin yarensu, da yatsu kawai. Ya ga hannun matar sarai. Ya daɗe yana kallon 'yarsa, ita kuma ta ƙi yarda su haɗa ido, sai gyaran linzamin da ba abin da ya same shi take yi.

"Shekara biyu," ya ce, yana gyaɗa kai. "Bon, shi ke nan. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ki gaya wa masu jirgin sama su ba wani kujerar."

Ya karɓi igiyar daga hannunta, ya ja Dankali suka nufi barga, yana tambayar Kadri ko a garin nan ana samun kanwar da ake ba dawaki.