Yaron Nan Ba Ya Ji

Tun Zakir bai cika shekara biyu ba mutanen gidansu suka gama yanke masa hukunci, cewa yaron nan ba ya ji. Kakarsa, Iya Meram, ita ta fara faɗa, kuma da alfahari take faɗa, don a wurinta taurin kai gadon gida ne. Sai ta ƙwala masa kira, ta ce ina maigidan nan nata da ba ya ba da cefane, shi kuwa ya ci gaba da tonon ƙasa da murfin kwalba, ko waiwaye babu. Sai ta tafa hannu ta ce ubansa sak. Uban, Modu, bandar kifi yake yi a bakin tafkin Nguru, ya fita da sassafe ya dawo yana warin hayaƙi. In an ba shi labari sai ya yi murmushi ya ce yarinta ce, zai daina.

Uwar yaron, Suwaibatu, ita ma ta san ba ya ji, amma ba irin rashin jin da suke nufi ba. Ta fara zargi ne ranar da kwanon sha ya suɓuce mata ya faɗi a bayansa, kaji suka watse, shi ko gezau bai yi ba. Ga shi kuma komai nasa a makare yake zuwa. Ya makara a zama, ya makara a rarrafe, tafiya ma sai da aka gaji da jira. Magana kuwa har yanzu ko "baba" babu, alhali 'yar maƙwabciyarsu da aka haifa a bayansa har tsiwa ta iya.

Ta taɓa faɗa sau ɗaya, ranar rigakafi. Ta tattara ƙarfin halinta kaf ta ce wa malamar asibiti ba ya ji. Malamar na riƙe da allura, layi har bakin ƙofa, sai ta yi dariya.

"Duk haka suke. Nawa ma sai na ɗauko bulala."

Da wata ce da ta ƙara bayani. Amma Zakir ɗan fari ne, ita kuma an yi mata tarbiyya irin ta da, wadda uwa ba ta rawar jiki a kan ɗanta na fari a gaban mutane. Ko sunansa ba ta taɓa kira ba, a fili ko a ɗaki, sai dai ta ce "wannan" ko "yaron nan". Ta saɓa shi a baya ta koma gida. Haka aka yi asarar shekara guda a kan 'yar magana mai fuska biyu, kuma babu wanda za a kama da laifi, abin da ya fi ci wa mutum rai ke nan.

Goggonta Rahima, mai sayar da busasshen tattasai a Gashua, ita ce ta zo wani suna ta zauna tana kallon yaron har aka watse. Ba ta tsaya wasan kaka da jika ba. Ta ja Suwaibatu gefe ta ce akwai likitar yara da ke zama a wani asibiti can wajensu, a kawo shi. Iya Meram ta ce za a wahalar mata da miji a banza. Modu ya ce a je, in ya so hankalin kowa ya kwanta.

Motar da suka hau zuwa Gashua ta cika maƙil, ta tsaya a Jajimaji ta ƙara cika. Suwaibatu ta isa Gashua ƙafafunta sun yi sanyi, sannan ta zauna a benci tun hantsi har rana ta take, goggo na gefe tana korar ƙuda da bakin mayafi. Gajiyar hanya ba komai ba ce. Wadda ta fi damunta ita ce gajiyar kallon yaro kullum tana auna shi da 'ya'yan mutane. Abu ɗaya take so a faɗa mata: zai yi magana ko ba zai yi ba.

Likita Sharifa mace ce siririya, idanunta sun nuna ita ma tun safe ba ta huta ba. Ta yi ta tambaya, yaushe ya zauna, yaushe ya taka, ya yi ciwon shawara da aka haife shi, ya taɓa zazzaɓi mai tsanani. Suwaibatu na amsawa kanta a ƙasa, goggo na cike mata inda ta rage. Da aka zo kan abin da ya kawo su, sai likitar ta ajiye biro ta tambaya ko rashin jin magana ake nufi, ko rashin jin sauti. Wannan ne karo na farko da wani ya raba wa Suwaibatu su biyu, har sai da idonta ya kawo ruwa.

Ta tambayi abin da ke ranta. Likitar ta ce ita duba marasa lafiya take yi, ba duba irin na masu bugun ƙasa ba. Yaran da suka makara haka, wasu kan kamo tsaransu a manta an taɓa damuwa. Wasu kuma sai sun kai shiga makaranta ake iya sa wa abin suna, ko kurumta, ko raunin fahimta, ko wata lalurar. In jinkirin a abu ɗaya ne da sauƙi, amma in ya haɗa tafiya da magana to ya kamata a tashi tsaye. Iyakar abin da za ta iya hangowa ke nan, ta ce, kuma ba za ta yi mata ƙaryar fiye da haka ba.

Aka zaunar da Zakir a tabarma aka ba shi kwalin magani yana juyawa. Likitar ta zaga bayansa ta tafa, ya waiwayo. Goggo ta yi hamdala, amma likitar ta girgiza kai, ta ce inuwar hannunta ya gani a bango. Ta gyara labule, ta ce wa Suwaibatu ta koma can bayansa.

"Muryarki ya fi sani. Kira sunansa."

Suwaibatu ta dubi goggonta, ƙanwar mahaifinta, wadda a gabanta ko ɗaukar yaron ba ta cika yi ba. Goggo ta gane, ta tashi ta ce bari ta sha iska, ta ja ƙofa.

Sunan ya daɗe a bakinta. Takan juya shi a zuci in tana masa wanka, takan ji daɗinsa in wasu sun kira, amma ba ta taɓa barinsa ya fito ba. Ta buɗe baki, ya fito a shaƙe kamar na mai mura.

"Zakir."

Yaron na ta fama da kwalinsa. Likitar ta ce ta ɗaga murya. Ta ƙara, ta kuma ƙarawa, har ta ƙwala shi da iyakar ƙarfinta, yadda goggo ta ji a waje, masu jira a benci ma suka ji. Kowa ya ji ta kira ɗanta na fari, ban da shi. Ƙeyarsa kawai take kallo, da 'yar ƙasar Nguru da ta maƙale a gashinsa. Baƙin ciki ya kama ta, ba na yau kaɗai ba, har da na duk ranakun da ta riƙe sunan don kunya, tana zaton yana nan yana jiran ranar da za ta kira.

Likitar ba ta ce kurma ne ba. Ta ce ya fi kama da kunne, amma akwai yaran da ke ji ba sa amsawa, sai an gwada da na'ura a babban asibiti, Kano ko Maiduguri, kafin a tabbatar. Wata tafiyar ke nan, da wani bencin. Kafin nan, ta ce, kada a jira. Ta riƙa durƙusawa a gabansa yana ganin bakinta, ta yi masa magana, ta nuna da hannu, ta kira sunansa ko ya ji ko bai ji ba.

Da la'asar suka kamo hanyar Nguru. Ta ɗora shi a cinya suna fuskantar juna, abin da ba ta taɓa yi a cikin mutane ba. Ta kama hannunsa ta aza a maƙogwaronta tana faɗin sunan a hankali, shi kuma ya ƙura wa leɓɓanta ido, yana mamakin abin da ke motsi a ƙarƙashin yatsunsa. Wata tsohuwa da ke gefe da ƙullin shinkafa ta yi ta satar kallonsu, har ta kasa haƙuri ta tambaya ko shi ne na fari. Suwaibatu ta ce shi ne.

"Kuma kike kiran sunansa haka gatsau, 'yar nan?"

"Ba ya ji ne, Iya."

Tsohuwar ta yi dariya ta gyara ƙullinta. "Duk haka suke," ta ce.

Suwaibatu ta mayar da hannun yaron wuyanta, ta sake kiransa.