Notin Ƙafar Auta

Tun da ciwo ya ci ƙashin Auta tana ƙarama, ƙafarta ta hagu ta gaza ta dama tsawo. Da ta tasa, likitan ƙashi ya yi mata tiyata. Ya raba ƙashin ƙwaurin biyu, ya kewaye ƙafar da zobban ƙarfe masu noti. Ya ce a riƙa murɗa notin kaɗan-kaɗan kullum, ƙashin zai riƙa buɗewa, sabo yana tsirowa a tsakani.

Babanta bakanike ne, don haka aikin ya faɗo kansa.

"Wanda ya kwance injin tirela, wannan ai wasa ne," ya ce.

Ashe ba wasa ba ne. Da tafiya ta yi tafiya jijiyoyi suka fara ja. Ya ɗora sifana ke nan sai Auta ta cusa fuska cikin matashi, kafaɗunta suna rawa. Wata safiya ta riƙe masa hannu.

"Baba, yau kaɗai. Don Allah."

Ya bar ta. Washegari ma ya bar ta. Daga nan sai ya zama ya shiga ɗakin, su ɗan yi hira, ya fito. In uwarta ta tambaya daga kicin ko an murɗa, sai ya ce an murɗa.

Ranar komawa asibiti likita ya ɗaga hoton ƙashin ya daɗe yana kallo.

"Ƙashin ya haɗe tun ba mu kai tsawon da muke so ba. Dole a sake raba shi. Wa yake murɗa notin?"

Baban ya buɗe baki, Auta ta riga shi.

"Yana murɗawa, Likita. Ni ce nake mayarwa in ya fita."

Uwar ta hau ta da faɗa, yarinyar ta sunkuyar da kai tana shanyewa. Shi kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai a hanyar gida ya faɗa wa matarsa gaskiya. Ta kau da kai kawai, ya so a ce zaginsa ta yi.

Ranar tiyata ta biyu ya bi gadon da ake tura Auta a kai har bakin ƙofa.

"Auta, ki yafe mini."

"Ni na roƙe ka, Baba. Amma wannan karon ko na yi kuka kada ka saurare ni."

Ya gyaɗa kai. Nas ta ce nan ne iyakarsa, ya koma benci ya zauna kusa da matarsa.