Ƙuri'ar da Aka Kaɗa wa Loretta

Furera Zulkifilu tana aji uku a wata ƙaramar kwaleji a gefen Washington lokacin da aka naɗa ta mai kula da tarihin ƙungiyarsu ta mata masu karatun kiɗa. Ba wadda ta nemi muƙamin, shi ya sa ya faɗo kanta. Ita gogen Turawa take kaɗawa, kuma kullum daga gidansu a garin Woodbridge take shigowa a jirgin ƙasa, don mahaifinta ya ce ba za ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ba.

Tarihin ƙungiyar kowace sabuwar shiga sai ta haddace shi. Mata bakwai ne suka kafa ta sama da shekara ɗari da suka wuce, a zamanin da maza ba sa yarda mace ta zauna cikin ayarinsu na makaɗa. Abubuwa uku suka ɗora ta a kai: gwaninta, zumunci, da yi wa jama'a hidima da kiɗa. Akwai kuma alkawarin da ake karantawa ranar rantsuwa, cewa ƙofarsu a buɗe take ga duk macen da ta riƙi kiɗa da gaske. Reshen kwalejinsu zai cika shekara saba'in da biyar, sai aka ce Furera ta haɗa ɗan littafin da za a raba a wajen biki.

Aka ba ta mabuɗin wani ɗakin ajiya mai kwalaye huɗu. Sati biyu tana zuwa bayan darasi, tana karkaɗe ƙura daga hotuna da littattafan taro. A kwali na uku ta ci karo da bayanin wani zama na shekarar 1959. An kaɗa ƙuri'a a kan wata Loretta Gregory, mai kaɗa fiyano, wadda malamai biyu suka rubuta cewa ba ta da na biyu a ajinta. Mutum goma sha huɗu suka ƙi, ɗaya ta yarda. A ƙasa sakatariya ta rubuta cewa ba a karɓe ta ba saboda dalilin da kowa ya sani. Furera ta nemo hoton ajin shekarar. Loretta ce kaɗai baƙar fata a ciki.

Furera ta kai wa Becky, shugabar reshen, takardar. Becky ta karanta sau biyu, fuskarta ta yi ja. Ta ce abin ya ba ta kunya, amma littafin na biki ne, kuma cikin tsofaffin 'yan ƙungiya da aka gayyata akwai waɗanda suka zauna a wancan taro. Ta ba da shawarar a bar maganar sai bayan biki. Furera ba ta yi gardama ba, ta dai ce tana so ta fara jin ta bakin mai abin, in tana raye.

Tana raye. Furera ta samo sunanta a takardar sanarwar wani coci da ke garin Laurel, ta buga waya, aka ce ta zo ranar Asabar da hantsi.

Madam Gregory tana da shekara tamanin da uku, tana dogara sanda. Ta zaunar da Furera kusa da wani tsohon fiyano, ta tambaye ta ƙasar iyayenta da ma'anar sunanta, ta sa ta maimaita shi har ta iya faɗa daidai. Sannan ta karɓi takardar ta sa tabarau. Ta ce ba ta taɓa sanin adadin ƙuri'un ba sai yau. Abin da ta sani, wata yarinya mai busa sarewa ta same ta a bakin ɗakin karatu washegari, tana kuka, ta gaya mata ita kam ta yarda. Sun yi ta musayar wasiƙa har matar ta rasu. Ita kuwa ta gama karatunta, ta koyar da fiyano shekara arba'in da ɗaya.

Furera ta ce tana tunanin roƙon ƙungiya ta ba ta lambar girmamawa, a shigar da ita yanzu.

"A'a, 'yata," in ji tsohuwar. "Lokacin da nake so ya wuce, kuma ba na riƙe da kowa. Amma in za ku rubuta tarihi, ku rubuta duka. Ki sa sunana, ki sa na wadda ta yarda."

Da Furera ta tashi tafiya, Madam Gregory ta ce akwai yaran unguwa tara da ke zuwa koyon kiɗa a zauren cocinsu, ita kuma yatsunta sun fara ƙin motsi. In alkawarin hidimar nan yana nan, to ga wurin yin ta.

A zaman reshe na gaba Furera ta karanta takardar 1959 da abin da tsohuwar ta ce, ba ta ƙara komai nata ba. An yi kusan awa biyu ana magana. Wasu suka ce a sa labarin a ƙarshen littafi da ƙananan baƙaƙe. Becky ce ta ce a'a, a sa shi a inda shekararsa ta faɗo, tsakanin hoton gasar da suka ci da na sabon zaure. Haka aka yi.

Ranar biki, biyu daga cikin tsofaffin da aka aika wa littafin ba su zo ba. Wata ta zo a keken guragu, ta nemi Furera, ta ce tana cikin sha huɗun, ta roƙi lambar wayar Loretta. Furera ta ce sai ta tambayi mai lambar tukuna. Da ta tambaya, Madam Gregory ta ce a ba ta.

Tun daga watan Nuwamba 'yan reshen suke zuwa Laurel bibbiyu duk Asabar. Furera ta ɗauki Asabar ta farko a kowane wata. Mahaifinta ne ke kai ta a mota, ya wuce gaida wani abokinsa a College Park, ya dawo ya ɗauke ta kafin azahar.